Alhamdulillah, jiya na ji abin da nake jira

Alhamdulillahi Rabbil Alamina. Jiya likita ya duba hoton ƙarshe, ya ɗago kai ya ce bai ga alamar sankarar nonon ba, sai dai in riƙa zuwa ana dubawa, in kuma ci gaba da shan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowarta, har shekara 5. Bakina ya mutu. Ku da kuka bi ni tun farko kun san sauran, ni ma ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Ranar da aka fara ɗaura min kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, wata dattijuwa na zaune a kujerar kusa da tawa. Ta ga an ɗauko jan maganin nan, doxorubicin, ta ga hannuna na rawa. Sai ta matso ta ce, "'Yata, in kin koma gida fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu. Ba jini ba ne, launin maganin ne. Gashi kuma nan da sati biyu zuwa uku zai fara zuba, ki aske abinki kafin ki tsince shi a kan matashi." Wallahi ba don ita ba, da a daren nan na bar wasiyya. An ba ni takardar bayani, tsoro ne ya hana ni buɗewa. Duk bayan kwana 21 muna haɗuwa, har zuwa na huɗu. A na biyar wata na tarar a kujerarta. Na kasa tambaya. Inna, ko sunanki ban riƙe ba. Duk inda kike, Allah Ya lulluɓe ki da rahamarsa, Ya yaye miki kamar yadda kika yaye min.

Baban yara, na san ba ka son a ambace ka, yau dai sai ka yi haƙuri. Kai ka riƙa wanke min wurin ɗinki ba tare da ka kau da kai ba. Yaya, ke da kika baro naki gidan wata uku, da Auta mai riƙe min robar amai tana ba ni dariya, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya raba ku da ganin irin wannan a jikinku da na zuri'arku. Waɗanda kuma ko a waya ban ji muryarsu ba, alhali jini ɗaya muke, ba komai. Na dai gani.

Ke da aka gaya wa jiya ko yau cewa kina da sankarar nono: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai mata kusan miliyan 2.3 ne suka ji wannan maganar. Ƙullutun nawa ba ya ciwo, shi ya sa na zauna da shi wata huɗu, abin da har yau nake cizon yatsa a kansa. Kada ki bari a tsorata ki da aiki. An cire min nono ɗaya, ga ni ina rubutu. Ki tafi asibiti da wadda za ta saurara miki, don ranar farko kunnenki ba zai ɗauki komai ba.

Gashina ya fara tsirowa, sai ga furfura a gaba. Auta ta samu abin tsokana.