Asabar: sun kawo takardar biyan kuɗi ana tsakiyar busa

Sanyi ya fara shigowa da gaske. Tun asuba iska ke kaɗa ledar da muka liƙa a tagar kicin. Na kai Auta islamiyya, na biya shagon 'yan Gana na sayo wa Hajiya daddawa da kuka. Man ja ya sake tashi.

Sauran yinin duk a shirin dare ya ƙare. Tun la'asar Kawu ya sa aka goge masa babbar rigarsa mai ruwan toka, ya ce ba zai je gaban manyan makaɗa da rigar sanyi kaɗai ba. Hajiya dai tafiyar ba ta kwanta mata ba. "Yanzu gidan giya za ka kai tsoho?" Na ce mata kiɗa za mu ji, shayi za mu sha, mu dawo. Ta ce Allah ya tsare, ta koma kan tukunyarta. Ita ma da gaskiyarta.

To amma kun san Kawu da kiɗan jaz. Tun yana saurayi a Zariya yake kwana da rediyo a kunne, yana laluben Muryar Amurka a gajeren zango don shirin jaz na Willis Conover, mutumin da ya fara wannan shiri a 1955 bai bari ba sai da ya rasu a 1996. Daga baya kuma Yusef Lateef, Ba'amurke mai busa saksofon da sarewa, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna daga 1981 zuwa 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya yana bincike kan sarewar Fulani, lokacin Kawu na ƙaramin ma'aikaci a Samaru. Har gobe in ya tashi ba da labarin yadda yake hango shi yana tafiya a nitse da hularsa, sai muryarsa ta sauya. Tun da ya iso nan New York don aikin ido, bai ce a kai shi ganin dogayen benaye ba, bai ce a kai shi kanti ba. Abu ɗaya ya roƙa: ya zauna a ɗaki ɗaya da masu kiɗan nan, ya ji da kunnensa ba ta akwati ba.

Muna idar da isha muka kama jirgin ƙasa na layin D daga Grand Concourse har West 4th. Tikiti na saya tun makon jiya, dala 45 kowane mutum, amma duk da haka sai da muka yi layi a waje cikin wannan iska, Kawu na riƙe da hannuna saboda idon bai gama washewa ba. Ba zan faɗi sunan gidan ba. A ƙarƙashin ƙasa yake, matakalar ƙunci gare ta, ga duhu.

Inda aka ajiye mu ne ya fara ɓata min rai: bayan wani ƙaton ginshiƙi, dab da kantar da ake haɗa abin sha. An cusa mutane kamar motar haya daga Kano zuwa Zariya ranar jajiberin salla, gwiwata na gogar ta wani Bature, gwiwar Kawu na gogar ƙafar tebur. Daga kujerarsa ba a ganin komai sai gefen fiyano da kafaɗar mai ganga. Na nemi a canza mana, yarinyar da ke zaunar da mutane ta ce wanda ya riga zuwa shi ke zaɓe. Kawu ya ja hannun rigata. "Bar su, ɗan nan. Ni kunne na kawo, ido ai yana hutu."

Sai sabis ta zo ta ce dole kowa ya kashe aƙalla dala 20 a abin ci ko sha, ban da tikiti. Na san da dokar, na gani a shafinsu. Abin da ban zata ba shi ne ruwan zafi a kofi da ganyen shayi ɗaya a gefe ya ci dala 7. Mai shan giya kofi ɗaya da rabi ya cika sharaɗi. Mu sai da muka haɗa da soyayyen dankali da lemo da wani biskit da ba wanda ya taɓa, don dai lissafi ya kai.

Duk wannan da na haɗiye. Wallahi da na haɗiye, don makaɗan ba su da laifi ko kaɗan. Su huɗu ne: fiyano, ganga, babbar gogen nan ta tsaye da ake tsinka da yatsa, da mai busa saksofon, dattijo mai furfura a gemu. Waƙa biyu na farko da zafinsu suka zo, har na ga ƙafar Kawu na bugun ƙasa a ƙarƙashin riga. Ya sunkuyo ya raɗa min cewa in saurari hannun hagun mai fiyano, wai nan ne gwanintar take.

Can wajen ƙarshe dattijon ya ajiye saksofon ya ɗauki sarewa. Mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki buroshin waya, yana shafar fatar a hankali. Busa ce mai sanyi, a ƙasa-ƙasa, har numfashin mutumin kana ji kafin sautin ya fito. Kawu ya tura kofinsa gefe, ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya sa tafinsa a bayan kunnen dama, ya rufe ido. Leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka cire masa bandeji.

A daidai nan mai haɗa abin sha ya kunna injin markaɗa ƙanƙara. A bayanmu kuma wasu mutum shida, da alama daga walimar ofis suke, suna ta hira da shewa, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka da fitila a kunne. Ba ma'aikacin da ya ce musu kanzil. Kawu bai buɗe ido ba, ya dai ƙara matse tafin a kunne.

Sai sabis ta dawo da na'urar cirar kuɗi. Ni ina can ɓangaren bango, hannunta ba ya kaiwa gare ni, sai ta taɓa kafaɗar Kawu. Ya yi firgigit. Ta miƙo masa na'urar, hasken gilashin ya haske masa idon da aka yi wa aiki, ya kare da hannu yana cewa "Na'am? Na'am?" da Hausa.

Na ce mata, don Allah ki bari a gama wannan waƙar. Ta ce an umarce su su karɓi kuɗin duk tebura kafin a tashi. Na ce minti biyar kawai. Ta ce tana da tebur goma sha biyu. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, a gajiye take, gumi a goshinta. Na karɓa na sa kati, na'urar ta tambayi tukuici, na danna kashi 20 cikin ɗari kamar yadda aka saba, ta yi ƙara, takarda ta fito. Kafin in ɗago kai ana tafi. Waƙar ta ƙare.

Awa ɗaya da 'yan mintoci, aka kunna fitilu, aka fara kwashe kofuna mutane ba su ko miƙe ba. Na zaunar da Kawu a bakin matakala na nemi manaja. Saurayi ne, da fara'arsa. Na ce masa ban zo neman a mayar min da kuɗi ba. Na ce abin da kuke sayarwa a gidan nan saurare ne, shi muka biya, kuma ku da kanku kuka hana mu shi. Ya ce ya fahimta ƙwarai, amma akwai zama na biyu, mutane na layi a waje, dole a share ɗakin cikin minti ashirin, kuma haya a unguwar nan ba wasa ba ce. Na ce to ku karɓi kuɗin tun kafin a fara mana, tunda kun riga kun yanka abin da kowa zai kashe. Ku kashe injin in ana busa a hankali. Ku ce wa masu surutu su yi shiru. Wanne ne a ciki zai rage muku ko sisi? Ya ce zai isar da saƙo. Ya ciro wani kati na rangwame ya ce in muka dawo. Na ce tsohon nan da ka gani ƙarshen wata zai koma gida, ya haura saba'in, ba lallai ya sake taka ƙasar nan ba. Ya ce ayya, bai ji daɗin jin haka ba, idonsa na kan ƙofa. Na bar masa katinsa.

A jirgi ina ta huci, Kawu ne ke ba ni baki. Ya ce ko a tsofaffin fayafayan da aka ɗauka a irin gidajen nan kana jin ƙarar kofuna da dariyar mutane a bayan kiɗa, abin ba yau ya fara ba. Ya ce ai shi ya sa Lateef, tun kafin ya zo Zariya, ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya. Ahmad Jamal mai kaɗa fiyano kuma ya buɗe nasa gidan a Shikago a 1961, Alhambra, ba giya a ciki, bai yi nisa ba ya rufe. "Kofi ke riƙe da gidan, ɗan nan, ba sarewa ba. Yarinyar nan ma da tukuici take ci."

Na ce, Kawu, ku yi haƙuri, ni na kawo ku. Ya ce, "Haƙurin me? Na ji rabinta. Rabin ma arziki ne."

Wannan maganar ce ta hana ni barci har yanzu. Na san duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ban riƙe sabis ɗin a zuciya ba, aike ta aka yi. Amma ban yarda cewa don gida na neman kuɗin haya sai a taɓa kafaɗar dattijo yana tsakiyar saurare ba. Mutum ya yi shekara hamsin yana jin abu ta cikin shuuu ɗin gajeren zango, tasha na zuwa tana ɓacewa, ranar da ya zauna taku goma daga bakin mai busa sai a ce ya buɗe ido ya ga lissafi. Sama da dala 140 na kashe daren nan har da haraji, kuma ba su ne ke cina ba. Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. Shi kuwa har godiya ya yi wa mai gadi da za mu fita.

Mun tarar Hajiya ta rufe mana tuwo. Ba ta tambaya ba, fuskata ta kalla ta ɗauko miya.

Alhamis in likita ya sallame mu da wuri zan kai Kawu unguwar Corona, gidan da shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong ya zauna daga 1943 har rasuwarsa a 1971. Kawu na son ya tambayi masu kula da wurin hoton da aka ɗauki Armstrong da Sardauna lokacin da ya zo Najeriya a 1960.

Na rubuta wa masu gidan kiɗan saƙo. Hajiya ta karanta ta ce ya yi zafi, in bar shi ya kwana. Zan bar shi ya kwana, gobe in rage abin da za a rage in aika, amma maganar taɓa kafaɗa da hasken na'ura a idonsa ba zan cire ba.