Talata, ni da katin bashi

Na taso daga gadi ƙarfe bakwai na safe, na shiga jirgin ƙasa mai lamba 4 daga Manhattan, sanyi har ya ratsa safar hannu, ina zaune ina gyangyaɗi sai waya ta yi ƙara. Imel ne daga banki wai sitatimen ɗin wannan watan ya fito. Kafin mu kai Burnside barcin ya tafi abinsa.

Dala 6,000 ake bina da 'yan canji. Tun bazara nake biya duk wata ban taɓa tsallakewa ba, kuma tun bazarar abin yana nan daram wajen dubu shidan. Minimom ɗin da suka rubuta min, wato mafi ƙarancin abin da dole in biya a wata, dala 195 ne, a ciki 135 kuɗin ruwa ne tsantsa, 60 kacal ke taɓa uwar kuɗin, sai kuma ƙarshen wata ya zo albashi bai kai ba a goga katin a yi cefane, sittin ɗin ta koma inda ta fito. Ruwan kashi 27 cikin ɗari ne a shekara, amma ba jira suke shekara ta zagayo ba, raba shi suke gida 365 suna ɗorawa kullum, wato duk wayewar gari kusan dala huɗu da rabi ta hau kaina ko na fita ko ban fita ba, ranar Juma'a da ranar Lahadi duk ɗaya. Kuɗin kofi da biredi da ƙwai kenan a shagon ɗan Yaman ɗin nan na ƙasan gidanmu, kullum ina saya wa banki karin kumallo.

Na iske Maman Ummi ta fita kai yara makaranta. Na yi wanka na kwanta, idona biyu, na tashi na buɗe kwamfuta na bi sitatimen ɗin layi layi. Akwai wani ɗan akwati a shafin farko da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba, doka ce ta tilasta musu sa shi, wadda Obama ya sa wa hannu a 2009, dole su gaya maka in minimom kaɗai za ka riƙa biya shekara nawa za ka yi, kuma nawa za ka biya in kana so ka gama cikin shekara uku. Nawa ya ce kusan shekara 18, jimilla sama da dala 17,000. Ummi yanzu take aji biyu, kenan sai ta gama jami'a ina biyan tikitin da na saya tana ƙaramar yarinya. A ƙasa kuma an rubuta in na biya 245 duk wata ban ƙara goga katin ba, wata 36 an gama, jimilla wajen 8,800. Dala hamsin ce tsakanin shekara 18 da shekara 3. Na sake lissafawa da kalkuleta don na zaci idona ne, haka ɗin ne. Shi minimom dama ba don ka fita aka tsara shi ba, kashi ɗaya cikin ɗari na bashin ne da ruwan watan, kuma kullum bashin ya ɗan ragu shi ma sai ya ragu, ka ji kamar sauƙi aka yi maka alhali igiyar ake ƙara wa tsawo.

Ni fa ba kayan ƙawa na saya ba. A 2023 aka kira ni da tsakar dare Baba ya rasu, tikitin gaggawa daga JFK zuwa Kano ta Alƙahira, wanda ya taɓa sayen tikitin yau-gobe ya san yadda yake, ga hidimar zaman makoki, ga asibitin da aka bari ba a gama biya ba. Na dawo aka ce Inna ma jiki ya motsa, na tura kuɗi gida da katin ta manhajar tura kuɗi, su kuma banki a wajensu wannan cirar tsabar kuɗi ce, suka caje ni kashi 5 nan take, ruwanta ya fi na sayayya tsada kuma daga ranar yake fara hawa, babu kwanakin nan 21 da ake ba mutum ya biya kafin ruwa ya shiga. Asalin katin ma ai ba don sha'awa na karɓa ba. Ƙasar nan wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne abin tuhuma, za ka kama haya a ce ina makinka na kiredit, mota haka, wani lokacin har layin waya, makin nan daga 300 ne zuwa 850 kuma kamfanoni uku ke riƙe da tarihin kowa, Experian da Equifax da TransUnion. A gida mutum ya ce ba a bina ko sisi a ce madalla, a nan a ce to wa ya san ka.

Wajen goma na kira su. Na'ura ta yi ta yawo da ni, danna ɗaya danna uku, aka sa min kiɗa har na gama shan shayi, sannan wata mata ta ɗauka, mai fara'a wallahi, ba ni da abin cewa a kanta. Na ce ina so a rage min ruwa tunda ban taɓa makara ba. Ta ce bari ta duba, ta dawo ta ce a yanzu babu wani tayi a asusuna, amma akwai tsarin waɗanda suka shiga matsi, za a sauke ruwan sosai na wani lokaci sai dai za a rufe katin. Na ce in an rufe makina fa, ta ce zai iya taɓuwa. Makin da dama yana ɗari shida da wani abu, saboda iyakar katin 7,000 ce ni kuma na cinye shida, su kuma so suke kar ka wuce kashi 30. Na ce zan yi shawara. Abu ɗaya mai amfani da na samu a bakinta, duk abin da na biya sama da minimom doka ta ce a fara zuba shi kan ɓangaren da ruwansa ya fi tsada, wato waccan cirar tsabar kuɗin. Toh ko ba komai hamsin ɗin ta san inda za ta.

Akwai ambulan ɗin da ake ta turo min na wasu bankunan, wai in kwaso bashin in kawo musu babu ruwa har wata 18. Na ɗauko ɗaya na karanta ƙananan rubutun. Kuɗin kwasowa kashi 3 zuwa 5, wato 180 zuwa 300 kafin a ce komai, kuma in ana so a gama kafin wa'adin sai an biya wajen 345 duk wata, in ba haka ba ragowar ta faɗa ruwa mai tsada irin wanda na gudo. Ga shi ba tabbas su ba mai maki irin nawa iyakar da za ta ɗauki dubu shida. Na ajiye dai, ban yaga ba.

Na samu barcin awa biyu, na tafi azahar. Bayan sallah na tsaya gaida Alhaji, dattijon nan ɗan Zangon Kumasi da ke riƙe mana adashi, ya kalle ni ya ce ɗana yau fuskar nan ba taka ba ce. Ya ja ni gidan abincin 'yan Gana da ke kusa ya sa aka zubo mana tuwo da miyar ayoyo. Na gaya masa komai har da lambobin, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba in ba Maman Ummi ba. Bai yi min wa'azi ba, shi ya sa nake son mutumin nan. Cewa ya yi bashi hanji ne yana cikin kowa, rabin sahun da muka yi sallah yanzu in ka zazzage aljihunsu kati ne zai faɗo, amma fa ka san ayar Baƙara kan kuɗin ruwa, ba a wasa da abin da aka ce a shirya yaƙi da Allah da ManzonSa a kansa, kuma ka san Annabi (SAW) ya taɓa ja da baya daga sallatar gawar mai bashi sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauka. Na ce Baba na sani, shi ne ma abin da ya fi hana ni barci, ya fi lissafin. Malamai dai sun rabu, wasu sun ce in kana biya duka kafin ruwa ya hau babu laifi saboda lalurar zama a nan, wasu sun ce sa hannu a takardar ma bai halatta ba, amma halin da nake ciki babu wanda ya ce daidai ne, kowa cewa yake a gaggauta fita.

Wani yaro ɗan Damagaram da ke karatun lauya yana teburin kusa yana jinmu, ya matso ya ce Kawu ku duba adireshin da ke bayan ambulan ɗinku. Na ce Delaware ne. Ya yi dariya ya ce ai shi ne sirrin, jihar New York tana da dokar da ta ƙayyade ruwa, kashi 16, wuce 25 ma laifi ne babba, amma a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke cewa bankin tarayya zai iya cajin kowa da dokar jihar da yake zaune, shi ne suka kwashi harkar kati suka koma Delaware da South Dakota inda babu iyaka. Ya ce bashin kati na Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya tun 2023, kuma Bernie Sanders da Josh Hawley sun kai ƙudirin a tsayar da ruwan a kashi 10 a farkon 2025. Alhaji ya ce kai dai ci tuwonka, kafin waɗancan su gama gardama yaron nan ya yi furfura.

Ga abin da Alhaji ya kawo. Sabon zagayen adashi zai fara wata mai zuwa, mutum goma, dala 200 duk sati biyu, kwasa 2,000. Ya ce zai roƙi jama'a a ba ni ɗauka ta biyu in zuba ta gaba ɗaya a katin. Dubu biyu in ta fita, ruwan wata ya ragu da dala 45, kuma su 'yan adashi ba sa ƙara ko sisi. Matsalar ita ce 400 a wata ga kuma biyan katin, ga haya, albashin gadi ba roba ba ne. Na ce ku ba ni zuwa Juma'a in ga ko zan samu ƙarin dare ɗaya a wajen aiki. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, katin ya bar aljihuna, don ya sha ganin wanda aka ba kwasa ya biya banki, wata uku ya sake cika katin, ya zama bashi biyu.

Ina hanyar gida saƙon murya ya shigo daga ƙanina, minti huɗu. Gaisuwa ta ci minti ɗaya, sannan Yaya azumi fa ya matso, shinkafa da sukari da gero, Inna ta ce kar a dame ka amma ni na ga gara in faɗa. Ban ga laifinsa ba. Shi in ya ji dala ɗari lissafawa yake da canjin naira ya ga kuɗi mai auki, bai san ɗarin nan ba ta kai ruwan wata ɗaya da nake biya ba. Abin da ya tsaya min a rai ke nan yau, 135 ɗin da banki ke karɓa duk wata da wajen Inna take zuwa.

Da yamma na zaunar da Maman Ummi na nuna mata akwatin nan na shekara 18. Ta daɗe tana kallo, sai ta miƙo hannu ta ce Baban Ummi kawo. Na ba ta, ta sa shi a jakar da muke ajiye fasfo, ta ce saura na cikin waya da na Amazon, a gabanta na goge su. Muka ɗan yi sa-in-sa kan kuɗin harajin da gwamnati za ta maido mana, wanda masu yara irinmu ba ya fitowa sai bayan tsakiyar Fabrairu, ni na ce a fara da kayan azumin gida ita ta ce kati tukuna, ta ce shekara nawa ana cewa gida tukuna ga inda muke. Ba ta yi ƙarya ba amma ni ma ba zan iya cewa Inna ta jira banki ba. Mun tsaya a kan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi Kano, sauran kati, cefanen ƙarshen wata kuma ta ce ta ɗauka daga kuɗin kitson da take yi ranar Asabar, in bai kai ba a ci wake.

Na shiga manhajar bankin na canza biyan da ke fita da kansa daga minimom zuwa 245, ranar da albashi ke shiga. Ƙarfe tara da rabi yanzu, sha ɗaya nake karɓar aiki, in na samu shugaban masu gadin a ofis zan yi masa maganar daren Asabar. Ƙanina kuma sai gobe da safe in na taso, in kira shi da kaina in gaya masa nawa zai samu da ranar da zai samu, kafin ya je ya yi wa mai shago alƙawarin buhu biyu.