Tabarmar ƙarƙashin tirela

A kan buhunan albasa na shigo Kumasi. Daga Galmi har kasuwar albasa ta Kwadaso ina saman lodi, na ɗaure ƙuguna da igiyar tamfol don kada gyangyaɗi ya jefo ni ƙasa. Mun bi ta Yamai, muka ratsa Burkina, muka shigo Gana ta Paga. Da muka sauke kaya na yi wanka har sau uku, amma duk sahun da na shiga a masallaci sai na kusa da ni ya ɗan ja hanci.

A gida Nijar, mu yaran mota aparanti ake ce mana, 'yan Najeriya su ce karen mota, a nan kuwa meti. Suna ne ya bambanta, wahalar iri ɗaya ce: ka wanke mota, ka ɗaure tamfol, ka diro da gudu ka sa katako a bayan taya idan an tsaya a tudu, ka dafa shayi, da dare kuma ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota kana gadin batir da gas, direba yana sama a kan katifa. Direban da na biyo ya juya gida, ni na zauna, saboda wani Alhaji a Aboabo, mutumin wajenmu da ya fi shekara 40 a Kumasi, ya ce motarsa na neman yaro.

Zango bai bar ni na yi baƙunta sosai ba. Tun zamanin fataucin goro Hausawa ke zuwa ƙasar Asante, don haka a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Hausa za ka sayi koko da ƙosai, da Hausa za a yi maka faɗa. Sai dai Hausar ta sha ruwan wani wuri. Ranar da na ji wani dattijo ya ce "matata ya tafi kasuwa" sai da na juya baya na danne dariya. Yanzu ni ma idan na kira gida Inna takan ce, "Kai, wace irin Hausa ce wannan ka koyo?"

Shekara huɗu na yi ina kwana ƙarƙashin wannan mota. Maigidana direba ne na gaske, amma ba ya koyarwa da baki. Ka kalla, idan ka yi kuskure ka sha ranƙwashi. In mun kai mota gyara Suwame Magazin, wannan unguwar makanikai da ba ta da iyaka, inda za a ƙera maka abin da kamfani ya daina yi, yakan jefo mini makulli ya ce in matsar da ita. Daga matsarwa na kai ga juyawa, daga juyawa na kai ga riƙe sitiyari da tsakar dare a hanyar arewa yana barci. A raina na gama zama direba. Sai na sami Alhaji bayan sallar isha'i na ce masa ina so a ba ni mota.

Ya dube ni ya ce, "Ina takardarka?"

Na ce, "Baba, ai hannuna ya faɗa."

Ya ce, "Ɗan sanda hannu zai duba?"

A nan na fara sanin cewa lasin a Gana tsani ne. Hukumar ba da lasin tuƙi, DVLA, ba ta ba ka lasin tirela kai tsaye, ko da a cikin tirela aka haife ka. Sai ka fara da ajin B na ƙananan motoci, ka daɗe da shi, ka hau C, ka hau D, sannan ka kai F, wanda shi ne na manyan motoci masu jan bodi. Kuma motar haya ko ta kaya sai wanda ya kai shekara 25. Kafin duk wannan, ni baƙo sai na yi katin shaida na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wanda ake sabuntawa duk shekara. Abokai sun ce in ce a Bawku, wani gari a arewacin Gana, aka haife ni, wa zai tona? Alhaji ya ce duk ranar da na yi haka in kwashe kayana daga gidansa. Na ji haushinsa a lokacin.

Gaggawa ta sa na faɗa hannun ɗan goro. Haka ake kiran dillalan takardu a nan, da kalmarmu ta goro, kuma hukumar kanta kullum gargaɗi take a guje su. Nawa ɗan goron a wajen mai shayi muka haɗu, ya ce cikin mako biyu zai kawo mini F ba jarrabawa ba komai. Na ba shi adashin wata biyar. Har yau lambarsa a kashe take. Ban gaya wa Alhaji ba, amma ya ji, don a zango ko tari ka yi sai an ji. Bai ce komai ba, washegari dai ya biya mini rabin kuɗin makarantar koyon tuƙi.

Makarantar farko kunya ce zalla. Mutumin da ya saba da taya 22 aka sa shi cikin 'yar mota mai jan harafin L gaba da baya, tare da 'yan mata ɗaliban jami'a. Ƙafata ta saba da nauyi, ina taɓa birki sai malami ya kusa cin gilashi. Wannan bai dame ni ba kamar allo. Aji huɗu na yi a lekol, da Faransanci, shi ma ya gudu. Alamomin hanya na san su a ido, amma tambayoyin da Turanci suke, a kwamfuta kuma ake amsawa. Jikar Alhaji, yarinya 'yar shekara 13, ita ta zama malamata. Kullum bayan magariba ta zaunar da ni a baranda da littafin dokokin hanya tana cewa, "Yaya, sake karantawa, ba haka ba ne." Gwajin ido na wuce. Kwamfuta ta kayar da ni a karon farko, a na biyu na haye da ƙyar.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari. Na yi rabon ruwan leda, na ɗauko ayaba daga ƙauyuka, na kai siminti wuraren gini da ƙaramar motar Kia, na yi aure, lasin yana hawa harafi bayan harafi.

Makaranta ta biyu, ta manyan motoci, ita ce ta sauke mini girman kai. Malaminmu wani tsoho ne Ba'asante, wanda ya ce shi ma yana yaron mota lokacin da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974. Yana jin Hausa irin ta tasha. Ranar farko ya tambaya wa ya taɓa jan tirela, na ɗaga hannu har da murmushi. Ya ce, "To aboki, faɗa mana, idan iska ta ƙare a tanki kana tafiya, me zai faru?" Na ce birki zai yanke. Ya ce in zauna.

Ashe shekara da shekaru ina zubar da ruwan tankin iska kowace safiya ban san dalili ba. Ya zana mana a allo. Inji yana juya kwampreso, kwampreso yana tara iska a tankuna, idan ka taka birki iskar ce ke tura takalmin birki ya kama. Amma a tayoyin baya akwai wani ƙaton sifirin da iska ke danne shi kullum. Iska na zubewa, sifirin zai saki, taya ta kulle, ko kana so ko ba ka so, ko a tsakiyar gada kake. Shi ya sa ba a tashi sai allurar iska ta hau, shi ya sa mai tattaka birki kamar yana kiɗan kalangu yake zubar da abin da zai cece shi. Ruwan nan da nake zubarwa kuwa, gumin iska ne da ke taruwa ya ci bawul.

Abin da muke kira yankewar birki a gangara, har a ce wurin yana da aljanu, yawanci zafi ne. Ka ɗora ƙafa a birki tun daga saman tudu da lodi mai nauyi, ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, takalmi ya daina kamawa, kana takawa mota tana ƙara gudu. Maganinsa tun kafin gangara ne: ka sauko da giya, ka bar inji ya riƙe motar, giyar da za ta hau da kai tudun ita za ta sauko da kai. Ina jin haka sai gabana ya faɗi, don maigidana furi, wato ba giya, yake sakin mota a kowace gangara don ya rage gas ya sayar, ni kuma ina gefe ina jinjina masa. Allah ne kawai ya yi da sauran kwananmu. Ban daina ganin girmansa ba, shi ya koya mini jin ciwon inji da kunne, abin da babu allon da zai koya maka. Amma a wannan, kuskure yake yi.

Sauran darussan a fili muka yi su, tsakanin tsofaffin tayoyi da aka jera. Ribas da tirela sai ka karya tunaninka: kana son gindin ya tafi hagu, ka murza sitiyari dama, kaɗan kaɗan, idan ka yi yawa bodi ya naɗe ya daki kan motar. Haɗa kai da bodi, sai ka ji ƙarar kamawa, ka sauko ka leƙa da idonka, ka ja kaɗan da birkin bodi a ɗaure don ka tabbata, sannan ka ɗaga ƙafafun. Ya koya mana cewa a wurin awo ba jimillar nauyi kaɗai ake dubawa ba, kowane layin taya da nasa, don haka lodi daidai ma idan an tara shi gaba ko baya sai a ci ka tara. Da ya zo kan dokar da ta ce direba ya huta rabin awa bayan tuƙin awa 4, kada kuma ya wuce awa 8 a yini, ajin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Masta, ka faɗa wa masu mota." Tsohon bai yi dariya ba. Ya tuna mana bas ɗin da ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo a 2016, mutum fiye da 50 suka mutu, ya ce shi ba ya wasa da maganar hanyar nan.

Ranar da F ta fito Alhaji ya juya katin gaba da baya, ya sa mini albarka, ya miƙo makullin wata tsohuwar DAF. Lodin farko siminti ne zuwa Tamale, kusan kilomita 380. Iya can Alhaji ya tsayar da ni, bai bar ni na nufi gida ba. Tun juyin mulkin Nijar na 2023 da rufe iyakar Benin, motocin da ke shiga gida ta Burkina suke bi cikin ayari da rakiyar soja, ya ce wannan ba hanyar sabon hannu ba ce. Ya haɗa ni da yaro, ɗan wajen Bawku mai shekara 18.

Mun tashi bayan asuba. Ofinso lafiya, Akumadan lafiya. A Techiman na zo shan kwana, hankalina yana kan wata taksi da ta kutso ta hagu, na manta abin da aka fi nanata mana, cewa tayoyin bodi ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi. Sai na ji ihu. A madubi na ga teburin wata mai tumatir ƙarƙashin tayar baya. Ita Allah ya sa ta yi tsalle.

Kafin in sauko an taru. Tana zazzaga masifa da Turanci da Tuwi, yaren Asante, abin da na tsinta kawai "pepeni", sunan da suke kiran mutanen arewa idan rai ya ɓaci. Ni kuwa kalma ɗaya na riƙe, mepawoco, wato don Allah, ina ta maimaitawa hannu a kan hannu. Wani mahauci Bahaushe ya bar teburinsa ya shiga tsakani, aka ƙirga tumatir, aka yi wa tebur kuɗi, na biya daga kuɗin hanya. Da ta karɓa sai ta tsince waɗanda ba su fashe ba ta zuba a leda ta miƙa wa yarona, ta ce ai mun saya. Na kira Alhaji murya na rawa. Ya ce, "Akwai jini?" Na ce babu. Ya ce, "To ka ci gaba. Za a cire a albashinka."

Daga nan ban ƙara wuce giyar da raina ya kwanta da ita ba. A gangaren bayan Kintampo motoci suna ta wuce ni suna danna oda, wani direba har ya leƙo ya tambaya ko ƙwai na ɗauko. Yaron ya yi ta satar kallona, na san abin da yake faɗi a ransa, don ni ma na faɗe shi a kan wasu. Muka haye gadar Buipe da la'asar, muka yada zango kafin Yapei, inda motocin Mali da Burkina suka yi layi. Ya sa katako a taya, ya dafa shinkafa da miyar tumatirin da muka saya dole, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙasa.

Na hau sama na kwanta a katifar da na yi shekaru ina hange. Zafi, ga warin gas, ga kunnena yana ƙasa: ko ana taɓa tanki, ko iska na tsiyaya daga wani tiyo. Na juya, na sake juyawa. Wajen ƙarfe ɗaya na jawo sallayata na sauko, na kutsa ƙarƙashin bodi kusa da shi. Ya farka a firgice ya ce, "Masta, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Matsa can."