Zama a Singafo: riɗinmu daga Jigawa, cinikin a nan

Duk wanda na ce wa a Singafo nake aiki sai ya tambaye ni wai cikin Chaina take ko Malesiya. Ƙasa ce mai zaman kanta jama'a, kuma gari ɗaya ne tal, faɗinta bai kai murabba'in kilomita 750 ba, mutane kusan miliyan 6. Ba su da mai, ba su da gonakin kirki, hatta ruwan sha wani kaso daga Johor ta Malesiya suke sayowa. A 1965 suka rabu da Malesiyar, lokacin firaministansu na farko Lee Kuan Yew.

Ni aikin riɗi ne ya kawo ni. Da a Dawanau da Maigatari nake saya wa kamfaninmu riɗi da zoɓo, daga baya suka dawo da ni babban ofis. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne riɗin nan ko ƙwaya ɗaya ba ya zuwa Singafo, kwantena daga Legas take tashi ta wuce Japan ko Turkiyya ko Chaina, amma yarjejeniyar a nan ake sa mata hannu, bankin da ya ba da bashin sayen kayan yana nan, inshora a nan, ribar ma a nan ake lissafa ta. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Kamfanin cinikin amfanin gona na Olam a Najeriya ya fara a 1989 da fitar da kashu, yau hedkwatarsa tana nan. Tolaram masu Indomie ɗin da yaranmu suke ci, waɗanda suke da hannu a tashar jirgin ruwa ta Lekki, su ma nan ne gidansu.

Na daɗe ina tambayar abokan aiki me ya sa. Kowa zai fara ce maka haraji, kuma gaskiya ne, kashi 17 cikin ɗari kamfani yake biya, in ka sayar da hannun jari ka ci riba galibi ba a taɓa ta. Rajistar kamfani kuma ta intanet ake yi a hukumar ACRA, in takardunka sun cika ba ta ɗaukar kwanaki, da jarin dalar Singafo 1 ma za ka iya buɗewa in dai akwai darakta ɗaya mazaunin ƙasar. Ga wurin da Allah ya ajiye su, a bakin mashigar Malaka inda jiragen da ke tsakanin Chaina da Indiya da Turai suke bi, tasharsu ita ce ta biyu a duniya wajen kwantena bayan Shanghai. Daga filin jirgin Changi Kuala Lumpur awa ɗaya ce, Jakarta ba ta kai biyu ba, ogana yana iya tafiya mitin da safe ya dawo ya ci abincin dare a gidansa.

Amma ni a ganina duk wannan ba shi ne ba. Abin da suke sayarwa shi ne kwanciyar hankalin mai kuɗi. Ɗan Japan da bai taɓa ganin Jigawa ba zai tura maƙudan daloli kan kayan da ko lodi ba a yi ba, saboda ya san in an samu saɓani akwai cibiyar sasanta rikicin kasuwanci ta SIAC, akwai kotu, kuma ba wanda zai ɗaga waya ya juya hukunci. Ina nan a 2024 aka ɗaure tsohon ministan sufuri S. Iswaran shekara ɗaya kan karɓar kyaututtuka. Minista fa! Ranar na rasa abin cewa wallahi, don na san irin wahalar da muke sha a hanyar Kano zuwa Legas da tirela cike da kaya, shinge bayan shinge, kowa da abin da yake jira. Mu muka fi su ƙasa, muka fi su hannun noma, manominmu shi ya sha rana, amma kaso mafi tsoka yana tsayawa inda aka yarda da takarda. Wannan abin yana ci min rai har yanzu.

To zaman kansa fa, ba sauƙi. Haya ita ce ta fara gaishe ni, ɗaki ɗaya na kama a cikin gidajen gwamnati na HDB, muna haɗa kicin da masu gidan, kuma kafin na samu sai da wasu dillalai suka daina amsa min saƙo da zarar sun ji ƙasar da na fito. Mota kam na cire ta daga raina, takardar izinin mallakarta kaɗai, COE, tana haura dala dubu 100 tasu, ba a zo maganar kuɗin motar ba. Sai dai jirgin ƙasa na MRT da bas sun isar, tsaf-tsaf kuma kan lokaci. Zafi da gumi kullum, ba hunturu ba sanyin safiya, ruwan sama kuma ba ya sallama.

Wajen addini alhamdu lillahi ban sha wahala ba. Musulmi sun kai kusan kashi 15, yawanci Malayawa, hukumar MUIS tana ba da shaidar halal don haka a rumfunan abinci kana ganin tambarin ka zauna hankali kwance. Juma'a nakan je Masallacin Sultan a Kampong Glam in aiki ya bari. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne rashin jin kiran salla a unguwa, sai dai waya ta tuna maka. Bahaushe kuma sai ka daɗe ba ka ji muryarsa ba, kuka da daddawa duk wanda zai zo daga gida sai na roƙe shi.

Masu turo min saƙo cewa in nemo musu hanya, don Allah ku ji. Ba ƙasar da za ka shigo ka ɓuya ka yi buga-buga ba ce. Kamfani ne yake nema maka izinin aiki, irin nawa kuma mafi ƙarancin albashin da suke yarda da shi dala 5,600 tasu ne a wata tun 2025, ranar da aikin ya ƙare izinin ma ya ƙare. Duk ejan da ya ce ka ba shi kuɗi zai shigar da kai ka guje shi. Kar kuma ka karɓi saƙon kowa a jakarka ba ka buɗe ba, safarar ƙwaya a nan rataya ce, a 2007 sun rataye wani matashi ɗan Najeriya duk da roƙon da gwamnatinmu ta yi.

Iyalina suna Kano har yanzu. Albashin ya kai dala 6,000 ɗin da ake buƙata kafin a ba ka izinin kawo mata da yara, amma in na haɗa hayar gida cikakke da kuɗin makaranta lissafin ba ya fita. Awa 7 ce tsakaninmu, yara suna dawowa daga Islamiyya ni dare ya raba, sai mu bar hira mai tsawo sai Asabar. Na yi wa ogana maganar ko za su mayar da ni Kano duk kakar riɗi in yi watannin saye a gida, ya ce zai duba bayan rufe lissafin shekara.