Ƙ ta dawo gidanta

Yau da la'asar malamar da ke duba aikina a shirin koyon rubuta manhaja na dogon hutu ta karɓi gyarana. Kwana 9 ina fama da ɗan ƙarin da nake haɗa wa manhajar gina shafukan intanet ta WordPress, wanda ke taƙaita dogon kanun labari. Da Turanci lafiya lau, amma da zarar yankan ya faɗo kan ƙ ko ɗ ko ɓ, sai wata baƙar alamar tambaya ta fito. Ashe a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana rubutu da shi, kowane harafi mai lanƙwasa bayit 2 yake ci, wato gurbin ajiya biyu, ni kuwa a yaren rubuta manhaja na PHP na sa dabarar yanka rubutu ta substr, wadda bayit take ƙirgawa, tana raba harafin biyu. Na canza zuwa mb_substr, wadda harafi take ƙirgawa, shi ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta yi, ita da ba ta jin Hausa: in an cire lanƙwasar, ma'ana tana canzawa? Na rubuta mata cewa ƙasa daban, kasa daban. Ta sa kalmomin biyu cikin gwajin manhajar. Wallahi na daɗe ina kallon allon nan, kalmomin da na tashi da su a bakin Inna suna zaune a ciki.