Bambar Mota Ba Gindin Tukunya Ba Ce: Aikinmu Na Fitar Da Tabo Daga Jikin Kurom

Yawancin kurom ɗin, wato farin ƙarfe mai sheƙi na jikin mota, da ake kawo mana shago ya mutu, ba tsufa ne ya kashe shi ba, hannun mai wanki ne. Mota ta fito daga Kwatano ƙarfen gabanta yana ɗaukar ido, wata shida a Kano sai ka ga duk ya dushe, an yi masa zane-zane. In ka bi diddigi, wani yaro ne a bakin titi ya ga ɗan tabo ya ɗauko soson ƙarfen da ake wanke tukunya da shi, ya haɗa da Omo, ya dirje iya ƙarfinsa. Tabon ya fita, ƙyallin ma ya bi shi, kuma ba ya dawowa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan farin ƙarfe mai sheƙi da wasu ke kira silba shafe ne kawai. A tsofaffin motoci, baƙin ƙarfe ne a ciki, a shafa masa jan ƙarfe, a bi da nikel, sannan a ɗora kurom a sama. Shi kurom ɗin kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashin kai ba. Shi kansa ba ya tsatsa. Ɗigon ja-ja da kake gani a bamba daga ƙarfen ciki yake fitowa, ta ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ya bazu a sama. Shi ya sa sau da yawa bambar da mai ita ya fid da rai za ta dawo tas, domin tsatsar a kai take zaune, ba ta ci fuskar ba.

Na koyi aikin nan a wajen maigidana, Allah Ya jiƙansa, lokacin da 504 ta kamfanin Peugeot na Kaduna ta cika titi, ga Marsandi ta manyan alhazai mai tauraro a goshi. A zamanin nan bamba ƙarfe ce ta gaske, ka ƙwanƙwasa ta amsa. Sai da na daɗe ina ɗebo ruwa da wanke tsumma kafin ya bar ni na taɓa bambar kowa. Abin da ya fara koya mini shi ne shafawa da yatsa. Yakan rufe ido ya bi ƙarfen da bayan farce, ya ce wannan a sama yake, zai fita, wannan kuwa ya huda, kada ka ɓata wa mutum kuɗi. Har yau haka nake karɓar mota, kuma haka nake sa yarana su yi.

Tabo iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Wanda muka fi gani shi ne farin zobe-zoben da ruwan burtsatse ko na rijiya ke bari. Ruwan yana ɗauke da gishirin ƙasa, in aka wanke mota da tsakar rana ruwan ya bushe kafin a goge, sai gishirin ya manne. Sabulu ba ya fitar da shi, abu mai tsami yake so. Muna sirka ruwan khal da ruwa daidai wa daida, mu jiƙa tsumma mai laushi mu ɗora na 'yan mintoci, a inuwa, ƙarfen kuma a sanyaye, sannan mu ɗauraye sosai mu tsane nan take. Ba ma bari ya zubo kan fenti ko robar gefen gilashi ya kwana. Kwaltar sabon titi kuwa ɗan kananzir ne abokinta, haka ma gam ɗin sitikar da ake liƙawa lokacin siyasa. Kashin tsuntsu da abin da ke ɗigowa daga bishiyar darbejiya, jiƙawa ake yi su saki da kansu, ba a kankarewa.

Tsatsar sama ita ce inda aikin yake da daɗi. Takardar alminiyam ɗin nan da ake naɗe gasasshen kifi, ita muke dunƙulewa, mu tsoma a ruwa mu riƙa bi a hankali. Alminiyam ya fi kurom taushi, don haka yana kwashe tsatsar ba tare da ya yanki fuskar ba. Za ka ga wani baƙin ruwa yana fitowa, ka share, ka sake bi, sai fuskarka ta bayyana a jikin ƙarfen. Bayan nan mu sa man gogewa ɗan kaɗan, mu bi da busasshen ƙyalle, a ƙarshe mu rufe da kakin mota don ya toshe ramukan nan kafin damina. Wanda ya tsallake kakin, bayan ruwa biyu ja-jan zai dawo.

Amma duk wannan a kan ƙarfe ne. Motocin yanzu, Corolla, Camry, Highlander da 'yan uwansu, abin da ke ƙyalli a hancinsu da mariƙin ƙofa yawanci roba ce aka yi wa shafen kurom. Ka kai maganaɗisu ba zai kama ba. Irin wannan ba ya son dirza ko kaɗan, sai ruwan sabulun mota, tsumma mai taushi da haƙuri. In ya fara kumbura ko ɓarewa, magana ta ƙare, sai a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a nemo wani. Motocin Jamus kuma, ƙarfen da ya zagaye gilashinsu sau tari alminiyam ne da aka yi wa rufi, sabulu mai ƙarfi ke sa shi yin fari-fari kamar an zuba madara, kuma shi nasa aikin daban ne, yana cin yini. Akwai kuma motocin da suka yi zama a inda ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, irin su Kanada da arewacin Amurka. Su daga jirgi suke sauka da cizon tsatsa a jikin wil da bamba, dillali ya shafe da mai ya sayar. Salansar babur da ta yi shuɗi kuwa zafin inji ne, a duba kaburetar tukuna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu zuba ruwan batir a kan wil don ya yi fari cikin minti biyu. Mai mota ya ga haske ya ji daɗi, ya biya kuɗi kaɗan, bayan sati ƙarfen ya yi dabbare-dabbare, sai a kawo mana a ce Malam ka yi dabara. Ga kuma jabun man gogewa da ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya da Autosol na Jamus, ka matsa a yatsa ka ji yashi-yashi. Ni duk tub ɗin da na sayo sai na gwada shi a kan wata tsohuwar bamba da na rataye a bayan shago kafin ya taɓa motar mutane.

Sannan a zo ciniki. Alhaji zai tsaya ya ce, haba, goge ƙarfe kawai? Ai yaron unguwarmu ma zai yi. Nakan ce masa, ranka ya daɗe, aikin yaron unguwar ne ka kawo mini gyara. Wani ya yi dariya ya sallama, wani ya ja motarsa ya tafi, Allah Ya ba mu alheri.

Idan hunturu ya kama, masu kawo mana mota muna roƙonsu abu ɗaya: kada maigadi ko direba ya share ƙurar safe da busasshen tsumma. Ƙurar hazo tana da yashi a ciki, kowace shara zane ce. A watsa ruwa tukuna, ko a bar ta da ƙurarta har a kawo. Muna buɗewa bayan sallar asuba, aikin kurom kuma da safe muke yinsa kafin rana ta gasa ƙarfe, don haka mai so ya kawo motarsa da wuri.