Shirin ɗaukar hoton iyali idan akwai jariri a hannu

Yawancin iyalan da na sani suna haɗa hoton iyali da ranar suna, tunda a ranar ce dangi suke taruwa, an yi anko, mai jego ta sha lalle, mai hoto kuma yana gidan tun da safe. A ganina babu ranar da ta kai wannan rashin dacewa da hoton da ake son a rataye a falo. Jariri ɗan kwana bakwai sau da yawa cibiyarsa ba ta warke ba, an yi masa aski, ya wuni daga wannan hannu zuwa wancan, uwar kuma rabonta da barcin kirki tun kafin ta sauka. A ɗauki hotunan taro, domin suna da nasu amfanin, amma hoton da za a zauna a tsara a keɓe masa ranarsa daban, kuma jaririn ne ya kamata ya zama ma'aunin zaɓenta.

Na fi son a jira a yi arba'in. A lokacin jikin uwa ya fara dawowa, kuma tsakanin mako 6 zuwa 8 ne yawancin jarirai suke fara murmushi idan an yi musu wasa. Sai dai a duba katin asibiti kafin a tsayar da rana, saboda allurar rigakafin da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 takan sa zazzaɓi da rigima na kwana ɗaya ko biyu. Wuyan yaro ba ya tsayawa sosai sai wajen wata 4, zama ba tare da an tallafe shi ba kuwa sai wajen wata 6, don haka duk mai hoton da ya nemi a jingina ɗan wata biyu a kan kujera shi kaɗai, a ce masa a'a. Daga wata 8 zuwa sama ƙiwa take shigowa, yaron da jiya yake yarda da kowa sai ya tsala ihu da zarar baƙo ya matso shi da kyamara.

Batun sa'a ya fi komai sauƙi. A shayar da shi ya ƙoshi, a saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a sauya masa kunzugu, sannan a sa masa kayan hoton a ƙarshe, bayan kowa ya gama shiri. Maigidan da ya sa farar shadda mai sitati ya ɗora tawul a kafaɗarsa har sai mai hoto ya ce an shirya, domin tumbiɗi ba ya sallama. Hasken hantsi ko na bayan la'asar a inuwar tsakar gida ya fi fitilun studiyo taushi a fuska, kuma ya raba yaro da zafin ɗaki da ƙarar janareta. Da hunturu a bari rana ta ɗaga tukuna.

Kwalliyar jariri ita ce inda aka fi samun saɓani da manya. Leshi mai duwatsu da ɗinki mai kauri suna kartar fatarsa, kuma riga mai laushi ta auduga ta fi fito da shi. Kwalli ne abin da nake tsayawa a kansa, domin wanda ake niƙawa daga dutse yakan ƙunshi dalma mai yawa. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka kuma gano cewa daga kwallin da ake sa masa ta fito. Idan kaka ta ɗauko tandunta, ba gardama ake yi da ita ba, lallashi ake yi: “Hajiya, ki yi haƙuri a bar idon nan haka, likita ce ta hana.” Turaren wuta ma a turara kayan manya da shi a wani ɗakin.

Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda har yanzu take da ƙarfi a gidaje da yawa. Matar da ba za ta iya rungumar ɗanta tana dariya a gaban surukanta ba, kada a matsa mata. A fara da hoton da kaka take riƙe da jikanta, manya kewaye da ita, idan sun tashi sai a bar ma'auratan da yaronsu su sake. Tun kafin ranar a yi magana a kan waɗanda ba sa son hotonsu ya hau Facebook ko Instagram, a kuma shaida wa mai hoton cewa ba a yarda ya yi tallar sana'arsa da fuskar yaron ba. A nemi ya ba da hotunan a filashi ko ya turo su da cikakken girmansu, saboda WhatsApp yakan rage ingancin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, idan an je wankewa a babban firam sai ya fito dishi-dishi.